Haki daban, hakki daban

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu buga takardun rabon gado. Makon jiya na kai wata takarda wani shagon kwamfuta a wajen Taminus, nan Jos, yaron ya buga mini "hakin marayu". Na ce masa, ɗana, marayun nan ba awaki ba ne! Haki ciyawa ce, irin wanda ake cewa wanda ka raina shi ke tsone maka ido. Hakki kuwa, mai k biyu, aro ne daga Larabci, haƙƙ. Don Allah ku duba kafin a sa hannu.

Ita ma kalmar gado tarko ce. A rubuce ɗaya take da gadon kwanciya, sai a baki ake rarrabewa, na dukiya ana jan "ga" ɗinsa. In da halin ruɗani, ku rubuta "rabon gado" ko "magada" a cike. Malamai kan ce mirasi, daga Larabci, tushen da masu jin Sawahili suka samo urithi, wato gado.

In za a fassara wa maƙwabci Bayarabe, a kula sosai: ogún gado ne, kuma ashirin ne, in aka sauya karin murya ya koma yaƙi. Ciyawa dai koríko Yarbawa suke ce mata, Fulani su ce huɗo. Larabawa na kiran busasshiyar ciyawa hashish, amma kar ku kuskura ku rubuta ta a takardar sayen harawar dabbobi, tabar wiwi mutane za su ɗauka.