Yadda zaka riƙa amfani da OK a Legas kar ta jawo maka rigima

Ƴan uwa sabbin shigowa Legas, ko baka jin turanci ko kaɗan akwai kalmar da zaka riƙa faɗa kullum wato OK, kuma wlh tana haɗa mutanenmu faɗa da kwastoma ba gaira ba dalili.

Asalinta daga Amurka ne. Ta fito a jaridar Boston Morning Post ranar 23 ga Maris 1839, lokacin ana yayin karkata rubutun kalma da gangan sannan a gajarta ta, sai all correct ta koma oll korrect, aka ɗauki O da K, ma'ana komai daidai. A zaɓen 1840 magoya bayan shugaba Martin Van Buren da ake ma laƙabi da Old Kinderhook (shi ma OK in an gajarta) suka yi ta kamfen da ita, shi dai ya sha ƙasa amma kalma ta zauna.

To ga inda matsalar take, mu mun ɗauke ta kamar "to" ɗinmu, wanda wani lokacin na ji kawai yake nufi. A ciniki ba haka bane. In kana kasuwar Mile 12 Bayarabiya ta taya kwandon tumatir ka ce OK da nufin ka ji tayinta, ita a wajenta ka sallama kenan, zata kira ɗan dako ya ɗauka, daga nan sai hayaniya kuma in an bi gaskiya ita ke da ita. In baka sallama ba ka girgiza kai ka ce add money, shine albarka ɗinka. In ka sallama ka maimaita kuɗin da bakinka tukunna sannan OK ta biyo baya, haka ma da kwandastan danfo (bas ɗin haya) kafin ka hau.

Oga ya aike ka baka gane ba, don Allah kar kunya ta sa ka ce OK sir, ka ce ya maimaita. A WhatsApp kuma kar ka tura ma babba harafin "k" ita kaɗai a madadin OK, raini ake ɗaukarta, ka sa OK sir ko OK ma.

In ka je kasuwar Yaba ko Katangowa mai kaya ya ce maka rigar nan OK ce, gwanjo yake nufi, an gajarta okrika ne wato sunan gwanjo a wajensu, don haka ka taya da kuɗin gwanjo.