Darasi na Tara: Ƙiba, Rama da Lafiyar Jiki

A garuruwanmu, idan amarya ta yi wata uku a ɗakinta ta ciko, sai ka ji ana cewa, "Ma sha Allah, miji na kula da ke." Idan ta rame kuwa, sai tsegumi ya tashi: ko kishiya ce, ko yunwa, ko kuma ciwon nan da ake raɗa sunansa. Wadda ƙibarta ta yi yawa ita ma ba ta tsira ba. Yara su bi ta da "lukuta", mai mota ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu.

Wannan magana tana cutar da mutane ƙwarai. Saboda gori, 'yan mata da yawa suna sayen ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" ba tare da takardar likita ba. Daga cikinsu akwai dexamethasone, wanda maganin kumburi ne da wasu cututtuka, ba a yi shi don ƙara ƙiba ba. Idan aka daɗe ana shansa, fuska ta kumbura, ciki ya fito, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Mai kallo zai ga kumatu sun cika ya ce lafiya ce, alhali illa ce ke shiga. Duk wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Masu ƙiba kuma kunya takan hana wasunsu zuwa asibiti, don gudun a ce musu "rage ci" tun ba a duba su ba. Ƙiba ba kullum daga kwaɗayi ko lalaci take zuwa ba. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai wasu magunguna, akwai rashin isasshen barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Gaskiya ne kitse, musamman na tumbi, yana ƙara haɗarin ciwon sukari da hawan jini. Amma siriri ma yana kamuwa da su, ya yi shekaru bai sani ba.

Ido ba ya auna lafiya, don haka mu koyi awo. Ku samo igiya, ku auna tsayinku daga ƙasa zuwa tsakar kai, ku yanke. Ku ninka ta biyu, ku zagaya cikinku da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Wannan awo ba na mai juna biyu ba ne.

Ko igiya ta haɗu ko ba ta haɗu ba, a riƙa zuwa awon jini da na sukari. Idan jini yana kai 140/90 ko fiye a awo daban-daban, sai a ga likita. Wanda yake ramewa ba dalili, ga yawan ƙishi da fitsari, a duba masa sukari. Idan ramar ta zo da tari na sama da mako biyu da zufar dare, a yi gwajin tarin fuka. A Najeriya ana ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati.

A gida kuma, a rage gishiri da dunƙule da lemon kwalba, a ƙara zogale da wake. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako tana amfanar jiki ko nauyi bai ragu ba.

Aiki: Ku yi awon igiya a gida, ku rubuta abin da kuka samu. Sannan ku rubuta jimla biyu da za ku faɗa wa ƙanwarku idan ta ce za ta sayi "sha ka fashe" saboda ana yi mata gori.