Kurakuran da ke ci wa masu zanen allo tuwo a ƙwarya, da darasin Chéri Samba

A shekarar 1972 wani yaro ɗan kimanin shekara 16 ya bar makaranta, ya bar ƙauyensu Kinto M'Vuila, ya nufi Kinshasa, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, wato Kwango ta yau. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa manomiya, shi ne kuma babba a cikin 'ya'ya 10. Bai taɓa zama a ajin koyon zane ba. Aikin da ya samu shi ne rubuta allunan shaguna da na talla a rumfunan masu sana'ar. A 1975 ya buɗe tasa rumfar, yana kuma yi wa mujallar Bilenge Info zanen barkwanci. A 1989 aka rataye zanensa a birnin Paris, a wani babban baje koli mai suna Magiciens de la Terre, daga nan sunan Chéri Samba ya zaga duniya.

Na kawo labarinsa ne domin matasan da ke zuwa wurina da buroshi a aljihu, waɗanda suka koya wa kansu zane a bayan littafin makaranta, yanzu kuma suna son sana'ar ta ciyar da su. Hannunsu na da kyau, wasu ma sun fi ni. Amma kurakurai iri ɗaya nake gani suna maimaituwa, kuma yawancinsu ni ma na faɗa cikinsu kafin in gane.

Na farko yana cikin zuciya ne, ba a hannu ba. Yaro zai ce maka shi mai zane ne, rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" a jikin kwano ba ajinsa ba ne, yana yi ne kawai kafin Allah Ya kawo babban aiki. Wanda ya raina allo ba zai taɓa yin sa da kyau ba. Samba a kan allo ya koyi yadda ake tsayar da mai wucewa: layi mai kauri, launi mai ƙarfi, saƙo wanda ake ganewa kafin a ƙifta ido. Da waɗannan kayan ya shiga Paris, bai sauya su ba. Ka kuma lura da shekaru ukun nan da ke tsakanin zuwansa birni da buɗe rumfarsa. Koya wa kai ba ya nufin ƙin zama a gaban na gaba. Ka nemi tsohon hannu a garinku, ka riƙe masa tsani, ka wanke masa buroshi, ka ga yadda yake magana da mai shago. Abin da za ka tsinta a wata shida a gefensa, bidiyon intanet ba zai ba ka shi a shekara biyu ba.

Sai babban kuskuren da ya fi kowanne zubar da mutunci: shafa fenti a kan abin da ba a shirya ba. A farkon sana'ata wani mai shagon magani ya ba ni aikin allo, ƙafa takwas a tsaye, sabon kwano fil yana sheƙi daga wurin mai walda. Na zauna na zuba masa rubutu fari a kan kore, har maƙwabtansa suna leƙowa suna sa albarka. Damina ɗaya ta wuce, ya aiko a kira ni. Na tarar fentin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, da na sa farce sai harafi guda ya taso gaba ɗayansa a hannuna. Mutumin bai ɗaga murya ba, cewa ya yi kawai, "Malam, ka dai gani." Na sake aikin da kuɗina, kuma har yau ina jin nauyin wannan kalmar.

Ga abin da ya faru. Sabon kwano mai sheƙi yana zuwa da maiƙo a jikinsa, kuma tutiyar da aka lulluɓe shi da ita ba ta jituwa da fentin mai, shi ya sa ba ya kama shi. Maganinsa a wanke shi tas da ruwa da sabulun gari, a bar shi ya bushe, a bi shi da sanfefa har sheƙin ya dushe, sannan a sa fentin ƙasa wanda aka yi domin irin wannan kwano. Idan baƙin ƙarfe ne, sai a kankare tsatsa har a ga hasken ƙarfen, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, kada a manta da gefuna da wuraren walda, domin daga nan tsatsa ke farawa. Katako yana shan fenti, saboda haka a rufe fuskarsa da bayansa da bakinsa duka, in ba haka ba ruwa zai shiga ta baya ya kumbura shi. Bango kuwa, in sabon filasta ne, a ba shi kwana 28 ya sha iska. Mai gida zai matsa maka, zai ce gobe ne buɗe makarantar. Ka gaya masa gaskiya cikin ladabi: siminti ɗanye yana cin fenti daga ciki, sauri kuma ya haifi nawa.

Kusa da wannan akwai sirka fenti da fetur domin ya yi auki ko ya bushe da wuri. Yana bushewa kam, amma sheƙinsa ya tafi, ƙarfinsa ya tafi, ga haɗarin gobara. Ka sirka da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, kaɗan kaɗan. Shafi biyu marasa kauri, da kwana ɗaya a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai zuba hawaye ya yi tamoji. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da tsakar rana a watan Afrilu kwano yana zafi har ba ya taɓuwa, sai saman fentin ya bushe cikinsa na ɗanye. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, allon da ka bari a waje zai kwana ya tashi kamar an barbaɗa masa gari. Ka yi aiki da sassafe a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka shanya a ɗaki.

Yanzu rubutu, wanda shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne masu koya wa kansu suka fi wofintarwa domin hankalinsu na kan hoto. Kafin ka ɗauki alli, ka tsallaka titi ka tsaya inda mai saye zai tsaya. Masu sana'ar allo suna da ma'auni: inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. Idan daga ƙafa 60 za a karanta, harafi kada ya gaza inci 6, in kuma daga cikin mota ko adaidaita sahu ne, sai ka ƙara. Wannan lissafin shi zai nuna maka cewa ba duk abin da Alhaji ke so ne allo zai ɗauka ba. Zai so sunan shago, da kaya goma sha biyu, da lambar waya uku, da addu'a. Aikinka ne ka taimaka masa ya zaɓa: suna, sana'a, lamba ɗaya. Addu'ar a ba ta wuri mai kyau a sama, sauran kaya kuma mai saye zai gan su in ya shigo.

Akwai kuma fara rubutu daga hagu da haruffa manya, a iso ƙarshen allo wuri ya ƙare, sai haruffan ƙarshe su cunkushe kamar fasinjan bayan mota. Ka buga layi da zare mai alli, ka ƙirga haruffa, ka nemo na tsakiya, ka zana duka da alli daga tsakiya zuwa gefe kafin fenti ya taɓa wurin. Tazara tsakanin haruffa da ido ake auna ta, ba da rula ba. A da V in suka haɗu suna barin fili, dole a matso da su. H da I kuwa suna son a ɗan buɗa musu.

Wani abin da ke damuna ƙwarai shi ne ƙugiya. Na ga allon da aka rubuta "Masaukin baki", na ga "Maganin ciwon kafa". Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Mai buga rubutu da waya yana iya cewa madanninsa ba shi da ɗ da ƙ da ɓ, amma kai buroshi ne a hannunka, lanƙwasa ɗaya ce ta rage. Yara 'yan makaranta suna bi ta gaban allonka kullum, abin da suka gani shi za su ɗauka daidai ne. In kuwa Larabci ne ko ajami, kada ka kwaikwayi siffar haruffa alhali ba ka karanta su. Ka kai wa malami ya duba kafin da kuma bayan ka zana da alli, domin ɗigo ɗaya yana sauya kalma.

Shi ma Samba rubutu ne tambarinsa, amma ka duba yadda ya yi amfani da shi. Ya bayyana cewa ya lura mutane kan kalli zane su wuce, sai ya riƙa saka magana a ciki, da Faransanci da Lingala, domin mai kallo ya tsaya ya karanta, ya daɗe a gaban aikin. Wato ya san bambancin abu biyu: allon talla na mai sauri ne, zanen rataya na wanda kake son ka zaunar ne. Kuskure ne a cika na farko da surutu.

Launi ba zan daɗe a kansa ba. Baƙi a kan rawaya, fari a kan shuɗi mai duhu, waɗannan ana ganinsu daga nesa. Ja a kan kore yana sa ido rawa. Ja kuma yana cikin launukan da ranarmu ke saurin cinyewa, saboda haka kada ka sa lambar waya da shi a allon da ke fuskantar yamma. In kana shakka, ɗauki hoton aikin da waya ka mayar da shi baƙi da fari; in rubutun ya ɓace a cikin bango, sauya launi.

Wasu kuma zama suke yi suna jiran kayan aiki. Sai na sami yadin zane na gaske, sai na sami fentin waje. Samba a kan buhu ya fara zanensa saboda yadin ya fi ƙarfin aljihunsa. Edward Saidi Tingatinga na Tanzaniya ya fara a 1968 da fentin keke a kan guntayen allon silin, ya rasu a 1972, shekara huɗu kacal, amma har gobe akwai salon zane da ake kira da sunansa a Darussalam. Masu zanen tallan bidiyo a Gana, a shekarun 1980 da 1990, buhunan fulawa suke ɗinkewa su yi aiki a kai, yau kuma masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka nemansu suke yi. Buhun da aka wanke, aka ɗaure a firam, aka shafa masa farin fentin ruwa sau biyu, ya isa ka fara.

Abin da za ka zana a kan buhun shi ne tambaya ta gaba. Da yawa suna ƙarewa a kwafar hotunan da suka sauko da su daga intanet, dusar ƙanƙara da gidajen da ba su taɓa gani ba. Samba Kinshasa ya zana: tsadar rayuwa, cin hanci, cutar ƙanjamau, rigimar maza da mata, sau da yawa har da fuskarsa a ciki yana ba da labari. Kai ma kana da naka. Marinar Ƙofar Mata, layin 'yan ga-ruwa da asuba, adon bangon gidajen Zariya da Damagaram, dagi da sauran zanen da magina suka bar mana. A nan sai in ƙara wata shawara ta wurinmu: ka tambayi mai aiki tun farko ko yana son hoton mutum ko dabba. Da yawa ba sa so saboda addini, kuma haƙƙinsu ne. Wanda ya ƙware a zanen kaya, furanni, da ado irin na gargajiya ba zai rasa abin ba su ba. Sannan ka sa sunanka da lambarka a kusurwar ƙasa ta kowane allo, ƙanana amma masu karantuwa. Yawancin aikin da na samu, wani allon ne ya kawo shi.

Maganar kuɗi ita ce inda masu hannu mai kyau ke durƙushewa. Mutum ya yanka farashi da ka, a tsaye a bakin titi, don kada a ce ya cika tsada, sai ya tarar kuɗin fenti ma bai fita ba. Kada ka faɗi kuɗi sai ka auna wurin. Ka zauna ka lissafa fenti, sanfefa, man sirki, kuɗin mota, hayar tsani, ladan yaron da zai taya ka, da kwanakinka. Ka karɓi kafin alƙalami wanda aƙalla zai sayi kaya. Ka zana samfurin a takarda, mai aiki ya karanta sunansa da lambarsa da idonsa ya amince, ko ya turo maka ta WhatsApp domin ya zama shaida. In ya ce wani zai yi masa a rabin kuɗin, ka bayyana masa abin da za ka sa a ƙarƙashin fentin da shekarun da zai yi. Mai hankali ya san araha ba ta ado.

Za a ce maka injin buga allon talla a kan leda ya kashe sana'ar. Ya ɗauke wani kaso, wannan gaskiya ne, kuma kuskure ne ka ɗauke shi abokin gaba. Ka koyi tsara rubutu a kwamfuta, domin idon da ya san tazarar haruffa a kan kwano shi ne zai gyara ta a kan fuskar kwamfuta. Amma leda tana kodewa ta yage, kuma ba ta hawa bangon makaranta, ko bodin katako na babbar mota, ko tankin ruwa. Waɗannan har yanzu na mai buroshi ne.

Jikinka ma kayan aiki ne. Wasu fentin mai suna ɗauke da gubar dalma, musamman tsofaffi, don haka in za ka kankare tsohon allo ka jiƙa shi, ka rufe hanci da baki, kada ka yi a tsakar gida inda yara ke wasa. Kada ka wanke hannu da fetur. Man gyaɗa yana cire fenti, sai ka bi da sabulu. Buroshin rubutu kuwa, kada ya kwana a tsaye cikin gwangwani, bakinsa zai lanƙwashe ba zai ƙara ba ka layi miƙaƙƙe ba. Da ka tashi aiki ka wanke shi da kananzir har ya daina fitar da launi, ka matse shi da tsumma, ka shafa masa ɗan man inji, ka daidaita bakinsa da yatsu biyu, ka kwantar da shi a cikin kwali. Da safe ka wanke man kafin ka tsoma shi a fenti.