Yadda Ake Gano Matsalar Tsohuwar Motar da Injinta ke Juyawa Amma Ta Ƙi Tashi

Idan aka murɗa makulli aka ji kik yana juya injin amma mota ta ƙi tashi, abin da akasarin mutane ke fara yi shi ne su ɗauki sukudireba su nufi kafireta, su kama murɗa ƙusoshin da ke jikinta har su ɓata saitin da aka daɗe ana tafiya da shi lafiya. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan yawa a wurin masu tsofaffin motoci, domin motar da aka ajiye jiya lafiya ƙalau ba saitin kafiretarta ne zai sauya da kansa cikin dare ba. Injin fetur ba ya tashi sai ya samu tartsatsin wuta a bakin fulogi, da fetur haɗe da iska, da matsi a cikin silinda, kuma sai tartsatsin ya zo a daidai lokacinsa. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne ya ɓace daga cikinsu kafin ya kashe ko sisi wajen sayen kaya. Wannan bayani ya fi shafar motoci masu kafireta da distiributa (na'urar da ke rarraba wuta ga fulogai), irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Volkswagen Beetle, da tsofaffin Corolla da Datsun.

Kafin a buɗe bonet, a kasa kunne ga ƙarar juyawar injin. Idan yana juyawa da nauyi kamar mai jan kaya a rairayi, to batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa, kuma irin wannan batir yakan iya juya injin amma ya bar koyil, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir don fulogi, babu isasshiyar wuta. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba a lokacin da kik ke aiki. Idan kuwa injin yana gudu fiye da yadda aka saba, babu wannan ɗan tirjiyar da ake ji duk sanda fistan ya hau sama, to alama ce ta rashin matsi, kuma za a zo kanta a gaba. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a riƙa ba shi hutu, don zafi na ƙona shi.

Da wuta ya kamata a fara, saboda a nan mafi yawan matsalolin suke ɓuya. A sa giya a firi, a ja birkin hannu, a zare wayar fulogi ɗaya a saka mata wani fulogi mai kyau, a jingina jikin ƙarfensa da jikin injin, sannan wani ya murɗa makulli. A riƙe wayar da filaya mai roba a hannu, don wutar koyil ta kai dubban bolt kuma tana girgiza mutum sosai. Abin da ake so a gani shi ne tartsatsi shuɗi mai kauri wanda ke yin ɗan ƙara, tas tas, a kai a kai. Tartsatsi siriri mai launin rawaya yana iya bayyana a fili amma ya gaza a cikin silinda inda matsi yake. Idan babu komai, sai a zare wayar tsakiya da ta taso daga koyil zuwa murfin distiributa, a kusantar da bakinta ga jikin injin da tazarar milimita 5 ko 6, a sake gwadawa. Samun wuta a nan tare da rashinta a fulogi yana nufin laifin yana cikin murfin ko a kan rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin: ko murfin ya tsage, ko ɗan gawayin da ke tsakiyarsa ya cinye, ko kuma raɓa ta shiga, abin da ke yawan faruwa da damina ko bayan an wanke injin. Sau da yawa tsumma busasshe kaɗai ke magance wannan.

Idan koyil ɗin ma bai ba da wuta ba, a buɗe makulli a taɓa fitilar gwaji a ƙafarsa mai alamar tarawa. Rashin haske yana nuna fis ne ya ƙone, ko waya ta katse, ko makullin kansa ya lalace. Idan akwai haske, a mayar da fitilar ɗaya ƙafar a juya injin, inda ya kamata ta riƙa ƙyaftawa. Fitilar da ta tsaya cak a kunne, ko ta ƙi kamawa sam, tana nuna kontak, wato ɗan makunnin da ke cikin distiributa, ba ya buɗewa da rufewa yadda ya dace. A cire murfin distiributa a duba shi da ido: ɗan robar da ke gogar sandar tsakiya yakan cinye da tsufa har bakin kontak ya daina buɗewa, ko kuma fuskokinsa biyu su ƙone su yi baƙi. A goge su da samfefa mai laushi, a saita tazarar zuwa kimanin milimita 0.4, wadda ita ce ta yawancin injuna masu silinda huɗu. Kontak ɗin da ke yawan ƙonewa yana tona asirin kwandansa ne, wato ɗan ƙaramin gwangwanin da ke kare bakin kontak daga ƙonewa, don haka gara a sauya su tare. Tun da murfin yana buɗe, a sa a juya injin a ga ko rota na zagayawa, domin idan ta tsaya, to bel ko sarƙar taimin ta tsinke, ko haƙorin da ke juya distiributa ya karye, kuma daga nan a daina taɓa kik.

Sai an tabbatar da wuta sannan a koma kan fetur. A kwance fulogi ɗaya ko biyu a duba bakinsu. Fulogin da ya jiƙe yana warin fetur yana nuna injin ya sha mai ya ƙoshi, galibi saboda an yi ta buga totur ko an bar cok a rufe. Maganinsa shi ne a busar da fulogan, a buɗe cok, a take totur har ƙasa a riƙe shi ba tare da bugawa ba, sannan a juya injin don iska ta kore man da ya taru. Fulogin da ya fito a bushe bayan an daɗe ana juyawa kuwa yana nuna mai ba ya isowa. A cire murfin filtar iska a leƙa maƙogwaron kafireta, a motsa sandar totur da hannu, ya kamata a ga ɗan siririn fetur ya tsarto. Idan ba a gani ba, a zuba fetur kimanin cokali ɗaya a maƙogwaron, a kai galan ɗin nesa, a mayar da murfin, sannan a tayar. Kada a kuskura a riƙa zubawa alhali injin na juyawa, domin kafireta na iya aman wuta ta kama hannu da fuska. Idan motar ta tashi na ɗan lokaci ta mutu, an tabbatar ke nan cewa wuta da matsi lafiya suke, matsalar tana kan hanyar mai.

Daga nan sai a bi hanyar a koma baya. A cire wayar da ke kai wuta koyil, a zare tiyon da ke shiga kafireta a sa bakinsa cikin kwalba, a juya injin. Famfo mai lafiya yana tunkuɗo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Idan mai ya zo amma kafireta ba ta karɓa, allurar da ke tsare ƙofar kwanonta ce ta maƙale, musamman a motar da ta yi watanni a ajiye har fetur ya bushe ya bar danƙo, kuma ɗan ƙwanƙwasa jikin kwanon da ƙotar sukudireba yakan sake ta. Idan bai zo ba, a duba filtar mai, da tiyo mai tsagewa da ke zuƙar iska, da famfon kansa. Fatar da ke cikin famfo idan ta yage takan zubar da fetur cikin baƙin mai, don haka a shinshina sandar gwajin man. Kwalbar nan ma tana da wani amfani: a bar man ya natsu na ɗan lokaci, idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Wanda ya sha mai a galan a bakin titi jim kaɗan kafin motar ta ƙi tashi, da wannan gwaji ya kamata ya fara. A motocin da ba su da kafireta, irin na shekarun 1990, famfon lantarki ne, kuma ana jin gurnaninsa na kamar daƙiƙa biyu da zarar an buɗe makulli, shirunsa kuwa yakan kai mutum ga fis ko rile.

Idan akwai wuta, akwai mai, amma har yanzu shiru, ko injin yana tari ta kafireta yana harbi ta salansa, sai a tuhumi taimin, wato lokacin da tartsatsi ke zuwa, musamman idan an taɓa wayoyin fulogi kwanan nan. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere suna bin tsarin 1-3-4-2, Beetle kuwa nata 1-4-3-2 ne. A kwance fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, a juya injin da sifana a hankali har a ji iska na tura yatsan, a ci gaba har alamar da ke jikin fuli ta daidaita da ta jikin injin. A wannan matsayi dole kan rota ya fuskanci wayar silinda ta ɗaya, sauran kuma su biyo bisa tsari ta inda rotar ke juyawa.

Matsi shi ne na ƙarshe, kuma yana buƙatar agogon awo da ake ɗaurawa a ramin fulogi, a gwada kowace silinda totur na buɗe. Lafiyayyen tsohon injin yakan nuna matsi 9 zuwa 12 a ma'aunin bar, kuma abin da ya sauka ƙasa da 7 yana wahalar tashi da sanyin safiya. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gaskit ɗin kan injin ya ƙone a tsakaninsu. Idan aka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin aka sake awo matsin ya hau, zoben fistan ne suka cinye, idan kuma bai motsa ba, bawul ne ba sa rufewa, sai a fara duba tazararsu kafin a yarda bakanike ya sauke kan injin.