In hanjin jariri ya shige cikin ɗan'uwansa: yadda za ki gane shi da wuri

'Yan uwa mata na nan Makka da Jidda, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan, don abin da na gani a gidan maƙwabciyarmu har yau bai bar raina ba. Ɗanta ɗan wata bakwai yana wasa kawai sai ya tsala ihu ya naɗe ƙafafu ya dunƙule su a ciki, bayan ɗan lokaci ya yi lakwas kamar ba shi ba, minti 15 ko 20 ya sake. Kowa na cewa haƙori ne, a ba shi yansun (jiƙon da ake ba jarirai), sai da ta buɗe famfas ta ga kashi ja mai yauƙi kamar majina da jini sannan hankali ya tashi.

Likitocin nan suna ce wa ciwon ingilaf al-am'a, riƙe sunan. Wani ɓangare na hanji ne ke zurmawa cikin na gaba da shi, kamar in kin cire safa rabinta ta shige ciki, sai hanya ta toshe jini kuma ya daina isa wajen, in aka daɗe hanjin ya mutu. Wanda aka fi gani shi ne ƙarshen ƙaramin hanji ya shige cikin babba, akwai kuma ƙarami cikin ƙarami da babba cikin babba amma ba su kai shi yawa ba. Ya fi kama yara daga wata 3 zuwa shekara 3, maza sun fi.

Dalili kuwa a jarirai sau da yawa ba a gano takamaimai, sai dai yakan biyo bayan mura ko gudawa da ƙwayar bairos ta kumburo kaluluwar da ke jikin hanji. A yaro babba ko manya kuma yawanci akwai abin da ke jan hanjin, tsiro ko ƙari, shi ya sa manya tiyata ake musu. Rigakafin rota (na gudawar jarirai) ma yana ɗan ƙara haɗarin kaɗan a satin farko bayan ɗigo na farko, amma ba dalilin ƙin yi ba ne wlh, sa ido kawai za ki yi.

To in kin ga wannan kukan mai tashi ya lafa, ko amai kore, ko yaro ya yi laushi ba ya kula ki, kar ki jira sai jini ya fito don shi a makare yake zuwa. Kar ki ba shi nono ko jiƙo, kar ki matsa masa ciki, ki kira 997 (lambar motar asibiti) ko ku wuce ɗawari (sashen gaggawa na asibiti) kai tsaye, ki faɗa musu ƙarfe nawa ya fara da sau nawa ya yi amai. Za su yi masa sona (hoton ciki), in aka zo da wuri iska ko ruwa ake turawa ta dubura hanjin ya warware ba sai an yanka ba. Ɗan maƙwabciyarmu haka aka yi masa, Alhamdulillah. Amma ciwon yakan iya dawowa, musamman kwana ɗaya ko biyu na farko, in kukan ya sake tashi ku koma nan take.