Kwana bakwai ɗin da ke tsakanin kati da kati: yadda ake shan ƙwayar tazarar haihuwa

Katin Microgynon mai ƙwaya 28 da ake bayarwa a sashen tazarar haihuwa na asibitocin Kano, 21 ne kawai ke ɗauke da magani: estrojin da projestin, sinadarai irin na jikin mace. Bakwai na ƙarshe masu launin ƙasa na ƙarin jini ne. Aikin 21 ɗin shi ne hana ƙwaƙwalwa aika sinadaran FSH da LH, waɗanda ke nunar da ƙwai su sa a sake shi. Sai kin sha kwana bakwai a jere kafin wannan birki ya kama. Amma in kin fara cikin kwana biyar na farkon al'ada, kariya ta samu nan take. In ba haka ba, maigida ya sa kwaroron roba har mako guda.

Ga inda mata ke tuntuɓe. A makon ƙwayoyi masu launin ƙasa ba magani a jiki, ƙwai ya fara farfaɗowa. Kwana bakwai ba su isa ya nuna ba, amma tara ko goma na iya isa. Shi ya sa mantuwar tsakiyar kati ba ta kai haɗarin jinkirta sabon kati ba. Matar da katinta ya ƙare ranar Juma'a ta ce sai Litinin za ta leƙa kemis, ita ce ke ɗaukar ciki tana mamaki. Ki ajiye kati na gaba tun kafin wannan ya ƙare.

Kin manta ɗaya? Sha da zarar kin tuna, ko da biyu za su haɗu a rana. In biyu ne ko fiye, sha ta ƙarshen, ki ci gaba, a yi kwaroro kwana bakwai. In a mako na uku ne, tsallake masu launin ƙasa ki shiga sabon kati kai tsaye. In a makon farko ne kuma kun sadu cikin kwana biyar da suka wuce, ki nemi ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki.

Microlut, ta masu shayarwa, projestin ce zalla, kuma ba kullum take hana sakin ƙwai ba. Ta fi dogara da kaurara majinar bakin mahaifa. Jinkirin da ya wuce awa uku mantuwa ce, sai a yi kwaroro kwana biyu. Mai azumi ta mayar da lokacinta bayan shan ruwa tun kafin Ramadan, kada ta riƙa yawo tsakanin sahur da magariba.

Amai cikin awa biyu da sha, ki sake shan wata. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwayar. Mai shan su, ko mai hawan jini, ta faɗa wa nas tun kafin a miƙa mata kati.