Yadda ake gane tsohuwar fostar tallan lemo da adana ta

Duk wanda ya ci karo da tsohuwar fostar tallan lemon kwalba, ko a bangon wani tsohon kanti ko a hannun 'yan gwanjo, abin da ya kamata ya fara yi shi ne gano shekarunta, domin sabbin bugu masu kama da na da sun cika kasuwa.

A fara da kwalbar da ke cikin hoton. Coca-Cola ta fito a Atlanta ta Amurka a 1886, amma kwalbarta mai ƙugu sai a 1915 aka yi mata rajista, saboda haka fostar da ke ɗauke da ita ba za ta girmi wannan shekara ba. Haka nan farin layin nan mai lanƙwasa da ke bi ƙarƙashin sunan bai bayyana ba sai 1969. Idan fostar ta Najeriya ce, farashin da aka rubuta a jikinta ya fi komai faɗin gaskiya, tunda naira da kwabo sun fara aiki ne a Janairun 1973. In an ga "6d", wato sisi, to an buga ta kafin canjin kuɗi, kuma ba za ta wuce 1953 a tsufa ba muddin tallan Coca-Cola ɗin da Nigerian Bottling Company ke haɗawa ce, domin a shekarar kamfanin ya soma aikin a Legas.

Daga nan sai a duba bugun da gilashin ƙara girma. Bugun dutse na farkon ƙarni na 20, wato wanda ake yin zanen a kan shimfiɗaɗɗen dutse sannan a buga shi a takarda, launinsa shimfiɗe yake ko kuma yana da tsaki-tsaki marasa tsari, shi kuwa bugun injin zamani ɗigo-ɗigo ne a jere. Takarda fara fat mai sheƙi abar tuhuma ce.

Wajen adanawa ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Kada a kuskura a liƙe yagewa da salatif, don yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, kada kuma a kai ta a yi mata laminatin, domin ba a iya cire ledar daga baya. A shimfiɗa ta tsakanin takardu marasa asid, nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina. In za a sa ta a firam, a bar 'yar tazara tsakaninta da gilashi, a rataye ta a bangon da rana ba ta bugawa, domin jan launi yana cikin waɗanda suka fi saurin koɗewa.